Ɗan hakin da ya karya ƙashin bayan inji: Darasi daga wani gareji a Magamar Jibiya

Kawuna direba ne. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana jigilar fasinja tsakanin Katsina da Magamar Jibiya, idan iyaka na buɗe kuma ya zarce har Maraɗi ta Ɗan Isa. Da wannan sitiyari ya aurar da 'ya'ya mata uku, da shi kuma ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare a shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo. Saboda haka ranar da ya kira ni da la'asar sakaliya ya ce injin motarsa ya tsaya cak a gaba da Daddara kaɗan, ga fasinja cike har da mai goyo, ban tsaya tambayar dalili ba, na kama hanya. Duk wanda ya san titin nan ya san ba wurin da mutum zai so magariba ta riske shi a gefen hanya ba ne, musamman a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin. Allah Ya taimaka, wani abokin sana'arsa ya kwashe fasinjojin, muka samu igiya aka ja motar zuwa wani gareji a Magama kafin duhu ya rufa.

Washegari da aka sauke injin aka buɗe cikinsa, sai ga karanshaf ya rabu gida biyu. Ga wanda bai saba da kanikanci ba, karanshaf shi ne doguwar sandar ƙarfen nan mai gwiwowi da ke kwance a ƙasan inji, wadda fistin ke turawa ta juya, juyawarta kuma ta isa ga tayoyi. Shi ne ƙashin bayan inji, in ya karye magana ta ƙare. Abin da ya fi ƙona wa kawu rai shi ne, wata huɗu kacal da suka wuce ya sayar da bijimin da yake kiwo ya yi wa motar aiki na gani na faɗa. Ya cire tsohon injin, ya ɗaura wani ɗan Beljiyam da ya fi shi girma, aka faɗaɗa silinda, aka sa sababbin fistin da rin, aka rage kan silinda domin ƙarfi ya ƙaru. Burinsa shi ne motar ta ɗauki lodi ba tare da nishi ba, ta kuma yi sawu huɗu a rana maimakon uku.

Mai garejin dattijo ne da ya koyi aiki tun zamanin da Peugeot 504 haɗin Kaduna ke mulkin wannan hanya, kuma ba shi ya yi wancan aikin ba. Ya ɗauki guntun ƙarfen ya goge bakin karayar da tsumma, ya daɗe yana dubawa. Karayar ba ta tafi kai-tsaye kamar an yanka rake ba, ta karkace ne ta zagaya kamar an murɗe ɗanyen kara. Sai ya ce wa yaronsa ya miƙo masa fulin gaban inji, wato ƙarfen nan mai kama da faifai da bel ke zagayawa a kansa. Ya juya bayansa ya nuna mana ɗinkin walda guda huɗu.

“Alhaji, wa ya ɗinke maka wannan?”

Kawu ya ce: “Baba, robar ciki ce ta saki, yana ta rawa yana zubar da bel. Mai walda ya kama mini shi, tun daga ranar kuwa bai sake motsi ba.”

Dattijon ya ajiye fulin a ƙasa ya ce: “Ai motsin nan da ka hana shi, shi ne aikinsa. Da ka hana shi rawa, sai karanshaf ya karɓi rawar.”

Na yi karatun kimiyya daidai gwargwado, amma a ranar ne na fara fahimtar cewa wannan faifan ƙarfe ba don jan bel kaɗai aka yi shi ba. Abin da na bi diddigi na gano daga baya shi nake son in raba da mai karatu, domin na tabbata akwai ɗaruruwan motoci da ke yawo da irin wannan ɗinki a hanyoyinmu, masu su kuma suna ganin sun yi dabara.

Inji ba ya juyawa da santsi kamar yadda kunne ke ji. Bugu ne bayan bugu. Duk lokacin da mai ya kama wuta a cikin silinda, fistin yakan daki gwiwar karanshaf da ƙarfi, sannan ya sake ta. Inji mai silinda huɗu yana yin irin wannan bugu sau biyu a kowane zagaye. Idan allura ta nuna zagaye 3,000 a minti, bugu 6,000 ke nan a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. Mai silinda shida kuwa 150 yake yi a daidai wannan gudu. Ƙarfe duk taurinsa yana da 'yar miƙewa, don haka kowane bugu yakan murɗa sandar kaɗan, abin da sau da yawa bai kai digiri ɗaya ba, sannan ta warware ta koma, har ta ɗan zarce. A bayan inji akwai falawil mai nauyi da ke riƙe da wutsiyar sandar, saboda haka murɗawar ta fi tsananta a gaba, inda babu abin da ke riƙe da ita.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma duk wanda ya taɓa ɗauko ruwa a ƙwarya ko bokiti ya san akwai wani irin taku da idan ya yi daidai da tangal-tangal ɗin ruwan, sai ruwan ya yi ta ƙara tashi har ya zube, alhali mutum bai ƙara sauri ba. Haka karanshaf yake. Yana da nasa kaɗawar ta halitta, gwargwadon tsawonsa da kaurinsa da nauyin abin da aka rataya masa. Idan bugun fistin ya zo daidai da wannan kaɗawa, sai murɗawar ta yi ta ninkuwa. Ƙarfen ba zai karye a ranar ba. Zai gaji ne a hankali, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya, tsaga ta fara daga lungun gwiwa ko bakin ramin baƙin mai, ta yi ta ci har ranar da za ta gama. Karkatacciyar karayar da dattijon ya gani ita ce shaidar da irin wannan gajiya ke bari.

Matan karkara sun daɗe da sanin maganin tangal-tangal: sukan jefa ganye ko ɗan ƙoƙo a kan ruwan ya kwantar da shi. Maƙeran inji ma abin da suka yi ke nan. Tun shekarun farko na ƙarni na 20, lokacin da injuna masu silinda shida suka fara karya karanshaf a Ingila, injiniya Frederick Lanchester ya fito da na'urar da ake ɗaurawa a hancin sandar domin ta shanye murɗawar. Turawa na ce mata damfa. Irin wadda ke cikin yawancin motocinmu a yau gida uku ce: cibiya da ke manne da karanshaf, zoben ƙarfe mai nauyi a waje, sai roba a tsakaninsu. Idan hancin sandar ya fizga gaba, zoben yakan ɗan yi jinkiri saboda nauyinsa, robar ta miƙe ta shanye fizgar ta mayar da ita zafi. Nauyin zoben da taurin robar ba da ka aka zaɓe su ba, an auna su ne daidai da kaɗawar wannan injin takamaimai. Da yake bel ma a kan zoben yake hawa a motoci da yawa, sai muka ɗauka fuli ne kawai, muka kuma ɗauki robar a matsayin rauni.

A motar kawu kuskure biyu aka tafka, ɗaya a kan ɗaya. Injin da ya saya ya zo babu fuli, sai wanda ya yi aikin ya ɗauko na tsohon ƙaramin injin, ya ga ya shiga, ya ɗaure. Shiga daban, dacewa daban. Robar da aka auna don ƙaramin inji, ga tsufa, ga bugun da ya fi ƙarfinta, ba ta yi wata biyu ba ta saki. Sannan aka zo aka yi gyaran gangar Abzinawa, aka haɗe zobe da cibiya da walda, damfa ta koma dunƙulen ƙarfe. Abin da ya sa wannan kuskure ke da haɗari shi ne ba ya nuna kansa. Jijjigar da direba ke ji a sitiyari ko a kujera galibi daga wani wuri take: robobin da inji ke zaune a kansu sun mutu, ko fulogi ɗaya ba ya ba da wuta, ko taya ba ta daidaita ba. Murɗawar karanshaf kuwa a cikin ƙarfe take, hannu ba ya jin ta. Shi ya sa kawu ya rantse cewa bayan waldar motar ta fi lafiya.

Masu tseren mota a ƙasashen waje sun sha wannan ɗaci tun kafin mu. Su ma abin da suke yi shi ne su ɗauki injin da kamfani ya ƙera don zuwa kasuwa da kai yara makaranta, su sauya fistin, su rage nauyin falawil, su tura shi gudun da ba a yi shi dominsa ba. Duk ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana gusar da kaɗawar karanshaf daga inda take, damfar asali kuma ta zama maganin wata cutar daban. A kan haka ne wata sana'a ta musamman ta tsiro a Amurka. Kamfanin ATI yana ƙera damfa mai zobban roba da ake iya kwancewa a sauya su idan sun gaji, ko a zaɓi taurin da ya dace da injin. Fluidampr kuwa ba ya dogara da roba, zoben nasa yana iyo ne a cikin ruwan silikon mai kauri a rufaffen gida, abin da ke ba shi damar aiki a gudu daban-daban. Hukumar tseren NHRA ba ta barin motocin da suka kai wani mataki na gudu su shiga fili sai da damfar da ta cika ƙa'idar SFI 18.1, domin an ga yadda zoben da ya ƙwace yake tashi kamar harsashi. A cikinsu ma akwai masu cire damfa su sa fulin alminiyam marar nauyi don neman ɗan ƙarin ƙarfi, kuma gardama a kan hakan ba ta ƙare ba, sai dai manyan masu haɗa injin tsere sun fi karkata ga cewa ribar ba ta kai kasadar ba, musamman a inji mai doguwar sanda kamar mai silinda shida a jere.

Ban kawo wannan don in ce direban Jibiya ya sayi kayan ɗaruruwan daloli ba. Na kawo ne don a ga cewa mutanen da suka fi kowa son gudu, suka kuma fi kowa ƙin nauyin banza a mota, su ne suke kashe kuɗi a kan wannan faifai. Mu kuma da muke ƙara wa inji ƙarfi don neman abinci, muna ɗora masa lodin da ya ninka ƙa'ida, muna tashi daga shingen bincike zuwa wani shingen a kan hanyar da ba ta kai kilomita 50 ba, kowane tashi da totur a ƙasa da giya mai nauyi, mu ne muke ɗinke shi da walda. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40, ga baƙin mai da ke tsiyaya daga sil ɗin gaba yana jiƙa robar yana cinye ta. In akwai inda damfa ke shan wahala a duniya, to garejin kan iyaka na ciki.

Adalci ne kuma a faɗi abin da ya kai direbobi ga haka, domin ba wauta ba ce. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe wasu a Disambar 2020, Jibiya ba ta ciki, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a ranar 26 ga Yuli, aka sake garƙame iyakar har zuwa Maris na 2024. Darajar Naira ta faɗi, duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Direban da ya shekara yana lodin rabin mota, idan aka ce masa ga sabon fuli na asali a farashin da ya kai cinikin kwanaki, ga kuma mai walda zai kama masa da kuɗin kwanon abinci, ba sai an tambaya wanne zai zaɓa ba.

Kasuwar kayan gyaran ma ba ta sauƙaƙa masa ba. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna zai tarar da iri uku. Akwai na asali sabo, mai tsada kuma mai wuyar samu. Akwai ɗan Beljiyam, wanda muka ɗauka ya fi kowane inganci, kuma a kan ƙarfe zalla hakan na iya zama gaskiya, amma roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi, kuma fulin da aka ciro daga motar da ta shekara ashirin a Turai robarsa ma shekararta ashirin. Sai na uku, sabo fil a kwali mai kyau da araha, wanda ba wanda ya san ko an auna robarsa da wani inji, wani ma dunƙulen ƙarfe ne aka zana masa baƙin layi ya yi kama da mai roba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa har rai tana iya ci.

Na tambayi dattijon ko kowane fuli marar roba matsala ne. Ya ce a'a, ɗana, akwai tsofaffin ƙananan injuna da kamfani da kansa ya fito da su da fulin ƙarfe zalla, domin sandarsu gajera ce mai kauri kuma ba a tura su da nisa. Ƙa'idar ita ce, abin da ya zo da roba a mayar masa da roba, kuma a saya da lambar injin da ke cikin motar yanzu, ba da sunan motar ba, tunda rabin motocin tasha ba da injinsu na asali suke yawo ba. Ya ce shi ma ya taɓa yin waldar, a daji, don mota ta kai gida. Laifin shi ne a kai gida a manta.

Sannan ya koya mini gwajin da ba ya cin ko kwabo. A kashe mota, a samu alli ko farin fenti, a ja layi ɗaya daga cibiyar fulin ya ratsa robar zuwa zoben waje. A yi aiki da motar kwana biyu a dawo a duba. Idan layin ya rabu, zoben yana zamewa, a sauya shi tun kafin ya yi ɓarna. A duba robar ko ta tsattsage, ko ta kumbura ta fito, ko ta jiƙe da baƙin mai. A tayar da inji a bar shi a sulo a tsaya daga gefe a kalli fulin, in yana lilo to ya gama. Bel da ke yawan kuka ko zubewa, da batir da ba ya caji ba tare da dalili ba, duk suna iya zama saƙo daga wuri ɗaya. A injunan da alamar saita tamin ke kan zoben, zamewarsa na sa bakanike ya saita wuta a kan ƙarya. Wajen cirewa kada a ja shi ta zoben waje, wajen mayarwa kada a doke shi da guduma, kuma a ɗaure kusar tsakiya da ma'auni gwargwadon yadda kamfani ya ce, ba da bututu da tsallen yaron gareji ba. Wanda kuma ya kai karanshaf a rage masa, ya tabbatar ba a cinye lanƙwasar lungun gwiwa ba, domin daga nan tsaga ke farawa.

Wannan ilimi ne da za a iya bayarwa cikin rabin sa'a, amma ban taɓa jin an bayar da shi a tasha ba. Ina ganin ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW a Jihar Katsina za su iya haɗa kai da sashen injiniyan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su riƙa zagayawa gareji-gareji, da Hausa, da karyayyen karanshaf a hannu, domin abin da ido ya gani ya fi zama. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta san cewa jabun kayan mota ba su tsaya ga taya da birki ba. Jami'an kiyaye haɗurra da ke tsayawa a hanya suna duba takardu, da za su ƙara da wayar da kai a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa, da sun rage motocin da ke mutuwa a inda bai kamata ba. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa Jibiya, muna fatan alheri, amma kafin jirgi ya iso, har ma bayan ya iso, waɗannan motoci ne za su ci gaba da kai mara lafiya asibitin Katsina da kai ɗan kasuwa Maraɗi.

Kawu ya ci bashi ya sayi wani karanshaf ɗin. Da aka zo kan fuli ya so ya yi gardama, dattijon ya ce masa: “Alhaji, in ba za ka sayi na kirki ba, ɗauki injinka ka kai wani wuri, ni ba zan haɗa abin da na san zai dawo a igiya ba.” Na cika masa abin da ya rage, ban kuma ɗauka na biya ko rabin kuɗin jarrabawar nan ba. Motar ta koma hanya. Makon jiya da na shiga tasha na tarar ya buɗe bonet yana nuna wa wani matashin direba wani farin layi da ya ja da alli, yana ce masa ya je ya ja irinsa a tasa. Allah Ya tsare matafiya, Ya kuma sa wa neman halal albarka.